Jadawalin Dankalin Doña Eusebia

Maƙwabciyata Doña Eusebia Ccori iri ɗari da goma na dankali take shukawa a tsaunukan Ayacucho, kuma duk a ka ta riƙe su. Ranar da malamin gona ya ce mata abin da ba ya cikin kwamfuta ba ilimi ba ne, sai ta sauka gari ta sayo ƙaton littafi mai shafi dubu na koyon Excel, manhajar yin jadawali a kwamfuta. Wata bakwai tana fama da shi a kwamfutar makarantarmu.

Da malamin ya dawo, ya ga layi guda a jadawalinta cike da sunayen mata. Ya ce, "Mama, wannan ai ba ya cikin tsari."

Ta ce, "Kakanninmu ne da suka adana irin tun ba a haifi kakanka ba. Goge ɗaya ka gani."