Muryar da Ke Bayan Kyamara

Shekara da shekaru ina ɗaukar hoto a Landan, suna, biki, walimar gama karatu, aikina in ce wa mutane kar su motsa. Sai aka wayi gari kowa bidiyo yake so, gajere, mai kiɗa, wanda za a tura gida. Na yi ta cika baki ina cewa yayi ne, zai wuce. Ina! Da na ga an daina kirana, sai na bi sahu, ina gunaguni.

Akwai abin da ke cin raina tun ba yau ba: na manta muryar Babanmu, Allah ya jiƙansa. Hotonsa ɗaya ne gare ni, yana zaune a ƙofar gida, baki a rufe. Ko a mafarki in ya zo, leɓensa ne ke motsi, ba na jin komai.

Bidiyona na farko na wani suna ne a Peckham. Washegari da la'asar na zauna a flat ɗina na Croydon zan yi editing, wato in yanke in haɗa bidiyon, yayyafi na gangarowa a gilashin taga, jirgin tram na wucewa a kan titi a hankali. Na maƙala abin sauraro a kunne. Mai hoto bai san yana surutu ba, tunda hoto ba ya riƙe magana. Ashe ni bakina ba ya hutawa. Ana ɗaga jaririya sai na ji wani dab da kunnena ya yi gyaran murya, ya ja "yauwaa", ya ce, "Madalla. Allah ya raya."

Sai ga ni a soron gidanmu, an yayyafa wa ƙasa ruwa, buta a gefen tabarma, inuwar darbejiya tana rawa a bango. Wallahi har waiwayawa na yi. Na mayar baya na saurara, na ƙara mayarwa, har shayina ya huce. Na san ni ne na yi maganar, amma kunnena ya ƙi yarda.

Uban jaririya kiɗa kawai yake so, don haka na cire muryar daga aikinsa. Amma ban goge ta ba. Na tura wa yayata a Kano, ban yi mata bayanin komai ba.

Ba a jima ba ta kira. Ita da kullum da tsokana take fara gaisuwa, ran nan shiru ta yi, har na zaci layi ya katse.

"Yaya, kina ji na?"

"Kai, a ina ka samo wannan? Yaushe aka ɗauki Baba?"

Na buɗe baki zan ce mata ni ne, sai na ji tana jan hanci.

"Don Allah yi mini shiru tukuna," ta ce. "Bari in ƙara jin sa."