Maɗaurin da Na Kai wa Inna Daga Tsaskiya

Katsina zuwa Batsari

Tun kafin kiran assalatu na haɗa jakata, ina idar da sallar asuba na nufi tasha. Ashe gaggawar banza na yi. Direbanmu, wani dogo mai suna Ɗanlami, ya ce shi fa ba ya ɗora tayarsa a kan hanyar Batsari sai ya ga motocin can sun fara shigowa. Ba wanda ya yi masa musu, duk mun san halin da yankinmu yake ciki. Na sha koko da ƙosai a tsaye, bakwai ta gota muka tashi.

Ga abin da ya fito da ni. Ni ma'aikacin jinya ne mai ritaya. Ƙanena Sani ɗan sanda ne, ɓarayin daji suka harbe shi a cinya. Abokan aikinsa sun ɗauko shi da ransa, yana ma magana, amma da aka buɗe akwatin agaji na motarsu, 'yar auduga aka samu da kwalbar aidin da ta bushe. Jini ya ƙare masa a hanya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, rauni ne da na sha ganin an tashi daga irinsa. Daga nan ni da wasu da abin ya taɓa muka yi ta zarya a majalisa, har aka yi doka da ta fayyace abin da dole a samu cikin jakar agajin 'yan sanda: bandeji mai matse rauni, safar hannu, almakashi, sai uwa uba maɗaurin tsayar da jini guda biyu, wato ɗamara mai faɗi da mariƙin da ake murɗawa. Wani ɗan majalisa ya ce ɗaya ya isa, na ce masa ranka ya daɗe, ai ƙafa biyu Allah ya yi wa mutum.

To, Sani ya bar ɗa, Nura, shi ma ya je ya sa kaki, aka tura shi wajen Tsaskiya. Mahaifiyarmu, Inna, da can "maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika. Tun ranar da ya shiga aikin ta daina. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma sa masa albarka ba, in ya bugo waya sai ta ce a ce tana barci. Ga tsufa ya kama ta, ga ciwo yau da gobe. Tsorona kada ta tafi da wannan shirun, ta bar yaro da shi har abada.

Batsari

Mun shiga gari da hantsi, bayan shingaye da yawa inda ake leƙa fuskokinmu a ce Allah ya kiyaye. Na tarar da Inna a kan tabarma tana tsince wake. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan na kawo maganar doka. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, takarda tana tsayar da jini ne?" in ji ta. "Ka tahi ka gano da idonka. In jakar nan tana tare da yaron, ka zo ka hwaɗa mani. In babu, kada ka yi mani ƙarya."

Da la'asar na ce bari in fara ɗanɗana abin a kusa. Na hau babur zuwa wani ƙaramin ofishin 'yan sanda a bayan gari. Sajan ɗin da na tarar ya karɓe ni hannu biyu, ya ce jaka kam ta zo, sabuwa fil. Ina take? Ya nuna mini kabad, an garƙame da kwaɗo. Ta gilashi na hango ta cikin ledarta, an jere ta kamar kwanukan amarya.

"Wa ke da makulli?"

"Kofur ya tafi kasuwa da shi, Baba. Oga ya ce kada ta yi datti."

Na ji kamar in yi kuka, sai kuma dariya ta ƙwace mini, don na san halinmu: sabon abu ai na ajiya ne. Na zauna na jira ogan nasu. Mutumin kirki ne, da na ba shi labarin Sani sai ya aika aka nemo kofur. A gabana aka yage ledar, aka rataye jakar a bayan kujerar direban motar sintiri. Wannan labarin dai ban kai wa Inna ba.

Safana

Washegari na shiga motar Safana, mu huɗu a baya da buhun taki a kan ƙafafunmu. Damina ta yi kyau, gero da dawa sun yi baƙi ƙirin don ƙoshi, sai dai nan da can ka ga gona an bar ta ga ciyawa, kowa ya kau da kai. Mun isa kafin azahar. Na sauka a gidan wani tsohon abokin aikina, aka dama mini fura da nono mai kauri, har na manta da ciwon baya.

A nan na fara samun ƙwarin gwiwa. Da na leƙa ofishin 'yan sandan garin, ban ma kai ga tambaya ba, na hango jakar a rataye cikin motarsu, ta yi ƙura, alamar tana fita aiki. Wani sajan mai furfura ya ce in tsaya in gani. Ya zura maɗauri a hannunsa na hagu, ya ja da dama, ya murɗa, ya maƙale, kafin in gama gyara hulata. Na taɓa wuyan hannunsa, jijiya ta yi tsit. Na ce masa da ina da iko da na ƙara masa igiya a kafaɗa.

Tsaskiya

Da safe na ɗauki ɗan acaɓa. An yi ruwa, hanya ta zama taɓo, sau biyu ina sauka ina tattare wando muna tura babur. Da na hango Nura tsaye a gindin wata bishiyar ɗorawa, sai na ga kamar Sani ne, don tsayuwar ubansa ce sak. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi jikin Inna da murya ƙasa ƙasa.

Su a nan da babura suke sintiri, jakar tana ɗaure a bayan nasa. Na buɗe ina murmushi, sai murmushin ya tsaya. Bandeji ya ragu, maɗauri kuma ɗaya ne tak. Nan take zuciya ta ɗebe ni. Na riga na ji labarin inda aka mayar da irinsa abin ɗaure jarka a babur.

"Nura, ina ɗayan? Kai da aka yi abin nan saboda ubanka?"

Abokan aikinsa suka sunkuyar da kai, na ga ɗaya yana danne dariya.

"Baba, yi haƙuri, zo mu je ka gaida wani," in ji shi.

Ya kai ni wani zaure a cikin gari. Wani dattijo ne zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafarsa ta dama naɗe da bandeji, yana ɓare gyaɗa. Sunansa Malam Barau, manomi. Da ya ji ko ni wane ne, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Alhaji, san huɗata ne ya yi mani. Ina kwance mashi karkiya, ƙuda ya cije shi, ya juyo da ƙaho ya zuba mani nan ga cinya. Jini shina tsartuwa kamar an huda tulu. Mutane suka taru, wannan ya kawo toka, wancan ya ce a tusa ƙasa, wani ya tahi neman robar taya. Sai ga ɗiyan nan bisa babur."

Nura ya ce da ƙyar ya ture dattawa ya samu wuri, don cewa suke yaro ne, me ya sani. Ya zura maɗaurin sama da raunin, ya fara murɗawa. Duk wanda ya san abin nan ya san zafinsa ya fi na raunin.

"Wallahi na zage shi," in ji Malam Barau, ya rufe fuska da tafin hannu. "Na zagi ubanshi, na zagi uwarshi, da na ga bai bari ba na haɗa da kakarshi. Shi ko murɗawa kawai shike yi, shina ce mani, zaga dai Baba, in kana zagi kana da rai."

Jinin ya tsaya. Suka cusa bandeji, suka rubuta lokaci a jikin maɗaurin, aka samu mota zuwa babban asibiti. Can aka yi masa ɗinki, ya dawo da ƙafarsa. Ni dai ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Cinya ce, ta dama, daidai inda aka samu Sani.

Malam Barau ya sa aka ɗauko wani ƙullin leda daga ƙarƙashin buzu. Maɗaurin ne, ya roƙa a asibiti aka ba shi, an wanke amma tabon jini bai fita ba. Ya ce tunda kakar yaron tana raye, in kai mata, in ce Barau na Tsaskiya yana neman gafarar zagin da ya yi mata ba ta ji ba ta gani ba. Ya haɗa da kwaryar gyaɗa.

Komawa gida

Na biyo ta Safana, na shaida wa sajan mai furfura cewa jakar Tsaskiya tana neman cikon maɗauri. Ya ce ai Nura ya riga ya aiko, ya buɗe kwali ya nuna mini sabon da za a kai masa a ranar. Na shiga mota ina jin kaina kamar saurayi, har direba ya tambaye ni ko na ci kasuwa ne.

Na isa Batsari da la'asar sakaliya. Na ɗora wa Inna maɗaurin a cinya. Ta juya shi, ta shafa tabon, ta dube ni. Na ba ta labari daga farko har zuwa zagin. Da na zo kan "na haɗa da kakarshi", sai ta tuntsire da dariyar da rabona da jin irinta tun Sani yana raye, dariyar ta juye kuka, muka yi tare.

"Mai ƙahwar ya tashi?"

"Ya tashi, Inna. Ga gyaɗarsa ma."

"To na yahe mashi. Kira mani yaron."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ɗanlami da ɗan acaɓan da muka sha taɓo tare, da abokina na Safana da furarsa. Amma babbar godiyata ta wannan lokacin ce. Wayar ta yi ƙara sau biyu, Nura ya ɗauka, na kara mata a kunne. Ta share ido da bakin zane, ta gyara murya.

"Maigidana," in ji ta, "ashe zagi kake jawo mani a garin mutane? To Allah shi yi maka albarka."