Waƙar da Bappa Ya Hana a Buga

Mu biyu muka kafa mujallar waƙoƙi a intanet, ni da wani tsohon malamin makaranta a cikin garin Yola da nake kira Bappa. Ni a ƙungiyar mawaƙan coci na koyi karin waƙa, shi kuwa a bakin kakarsa mai rera waƙoƙin wa'azi. Dokarmu ɗaya ce: waƙar da karinta ya karye ba ta fita, ko ta wane ce. Masu karanta mu ba su cika aji guda ba, amma Bappa kan duba waƙa kamar duniya ce ke jiranta. Sai na rera, shi yana buga gwiwarsa da yatsu. Inda yatsun suka tsaya, nan waƙa ta mutu. Mun sha zagi kam. Wani babban ma'aikaci da muka ƙi waƙarsa har cewa ya yi mu wa muka aje, na ce a gaya masa ya tafi ya buɗe tasa.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Bappa, sai aikin ya dawo kaina ni kaɗai a ɗakina na unguwar Bekaji. Ina cikin wannan hali sai 'yarsa ta turo mini waƙa, ta ce shi ya yi ta faɗa tana rubutawa. Marsiyya ce, wato waƙar makokin marigayiya matarsa, wadda ya yi shekaru yana cewa bai kai ga iya yi ba. Na karanta na yi kuka, don ban taɓa ganin ya buɗe cikinsa haka ba. Sai dai karin ya karye a wurare da dama, karyewar da ko ɗalibi zai ji. Na ƙudura zan buga ta haka nan, duk mai magana ya zo ya same ni.

Na hau keke na tafi cikin garin Yola in gaya masa. Na same shi a zaure an jingina shi da matashi, hannun dama a kwance kan cinya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce in rera masa. Na rera, ina jan gaɓa a nan, ina haɗiye wata a can, don in rufa wa waƙar asiri. Yatsun hagunsa na bina a hankali, sai suka tsaya.

"Malama, jinyata kike yi," in ji shi, harshen da nauyi. "Rera abin da na faɗa."

Na rera yadda take. Na yi tuntuɓe inda dole a yi, shi kuma ya rufe ido yana saurare har ƙarshe. Na shiga yi masa gardama, na ce ma'ana ta fi awo, na ce wa zai kula, har na ɗaga masa murya, Allah ya yafe mini. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce bai yarda a buga ba, bai kuma yarda in gyara masa ko harafi ba, don matar tasa ce, ba tawa ba. Shi zai gyara in ya ji sauƙi.

Bai ji sauƙin ba. Kafin damina ta ƙare aka yi jana'izarsa.

Ranar sadakar bakwai 'yar ta ja ni gefe a tsakar gida, ta tambaye ni yaushe waƙar za ta fito, don 'yan'uwa na jira. Na gaya mata abin da ya ce, kalma da kalma.

"Na ji, Anti, kin riƙe masa amana," ta ce. "To mahaifiyata fa? Ita ke nan ba wanda zai ji an yi kukanta?"

Na ɗauki takalmina na fito.