Ranar da Baba Ya Sa Ni Fassara Karatun Ƙanwata

Akwai wani hantsi da ba zai taɓa fita raina ba. Lokacin ina gyaran rediyo a kasuwar Shinkafi, ƙanwata kuma ta zo hutu daga ƙasar waje inda take karatu. Baba ya rantse ba za ta koma ba sai ya fahimci abin da take yi can. Da ya ji karatun ya shafi rediyo, sai ya zaunar da ni a zaure in yi masa fassara. Na zauna ina hura hanci.

Ta ce suna da manyan farantai jere a daji, suna kama siginar rediyo daga wani abu mai tsananin haske can nesa a sararin sama, wai shi kwesa.

"Wace tasha ce?" na tambaye ta.

"Yaya, ba tasha ba ce. Babu mai magana."

"To mi kuke saurare?" in ji Baba.

Ta nuna mana ɗigo huɗu a waya. Wai duk abu ɗaya ne. Wani gungun taurari ne ya tare tsakani, nauyinsa ya lanƙwasa hanyar siginar, ta iso ta hanyoyi huɗu, wata tana riga wata da kwanaki.

Baba ya juyo ya dube ni. Kaina ya riga ya ɗaure, amma girman kai ya hana ni faɗa. Na ce, "Baba, eriyarsu ce ke da matsala, shi ya sa hoton ke rabuwa."

"Ashe gyara ne? To ta zauna, kai ka koya mata."

Na ga idonta ya ciko da ƙwalla. Nan na sunkuyar da kai na ce, "Baba, wallahi ƙarya na yi. Ban gane komai ba."

Sai Baba ya juya ya tambaye ta, "Kamar mutum biyu su tashi daga nan zuwa Kaura, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya zaga ta Zurmi?"

"Haka ne, Baba, sai dai mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya! Allah mai iko." Ya girgiza kai. "Ni ban gane ba, yayanki bai gane ba, amma na ga ke kin gane. Ki koma."

Har yau in ta yi mini bayanin, rabi nake kamawa. Sai dai tun ranar na san cewa faɗin "ban sani ba" ba ya rage mutum da komai. Nuna sanin da babu ne ya kusa sa in rufe wa ƙanwata ƙofa da bakina.