Tarhon da Na Gyara wa Inna

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, mahaifiyata ta rage ita kaɗai a gidanmu na bakin garin Ɗanbatta, inda katangarmu ta ƙarshe ke haɗe da gonakin gero. Mu shida ta haifa, kowa ya kama gabansa. Ni ne na kusa, ina koyarwa a Bici. Mun yi mun yi ta koma wurin ɗayanmu, ta ce ba za ta bar ɗakinta da awakinta ba.

Mun saya mata wayar hannu, amma idonta ya yi rauni. Kira zai shigo, garin ɗagawa sai ta kashe. Wata Asabar na je gaishe ta, ta nuna mini tsohon tarhon mahaifinmu a kan kabad, mai manyan lambobi, wanda aka ja masa tun yana malamin gona.

"Wancan nake so ka tayar mini," in ji ta. "Shi in ya yi kuka, ɗagawa kawai ake yi."

Na ce, "Inna, ai wannan ƙaramin aiki ne." Ni da ko fulogin rediyo ban taɓa gyarawa ba.

Soket ɗin yana bayan kabad, an shafe shi da fenti har sau nawa. Da ƙyar na kankare shi da wuƙa na kwance. Ciki duk tsatsa da gidan zanzaro, ga siraran wayoyi huɗu, ban san wacce ce wacce ba. Na bi wayar ta jikin bango, inda gara ta yi mata rufi, na hau silin na tarar ɓeraye sun gutsure ta wuri uku. Na wuni ina ɗaurawa ina naɗe salatif. Da na fito waje ina taƙama, farar rigata ta koma ja, sai na ga wayar tana lilo a kan bishiyar darbejiya. Falwayar da take zuwa ma babu ita.

Aka kwatanta mini wani dattijo, tsohon ma'aikacin waya, da ke gyaran rediyo a kasuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Malam, ka gyara hanya ne zuwa garin da ya tashi. Layin nan ya mutu tuntuni."

Da na gaya masa don wa nake yi, sai ya daina dariyar. Ya ce akwai wani ɗan akwati da ake sa wa sim, a jona shi da tsohuwar wayar gida, tarhon ya yi aiki kamar da. Mako na gaba ya biyo ni da kansa. Ya warware rabin ɗaurin da na yi, ya ce biyu kawai ake buƙata cikin siraran wayoyin nan huɗu, ya canja soket, muka haɗa akwatin da ƙaramar solar gidan. Na ciro wayata daga aljihu na kira, tarho ya ɗauki kuka. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Ta ce rabonta da jin ƙarar nan tun muna yara.

Na tura wa 'yan'uwana lambar, kowa ya sa mini albarka. Na koma Bici ina jin na gama da Inna.

Sai bayan kusan mako biyu na sake zuwa. Na tarar ta dawo da tabarmarta kusa da kabad, a nan take ɓarar gyaɗa. Muna gaisawa ta ce, "Abin nan naka ya sake lalacewa."

Na ɗaga, na ji yana lafiya. Na duba soket, na duba akwati, komai daidai. Na ce, "Inna, me ya yi?"

"Ba ya kuka. Kwana tara ke nan. Kullum sai na ɗaga na saurara, in ji yana numfashi, in ajiye. Ko dai ɓerayen ne suka koma?"

Na san ba ɓera ba ne. Na hau silin duk da haka, na zauna cikin zafi da duhu ina kallon wayar da babu abin da ya same ta, don ba zan iya haɗa ido da ita ba. Da na sauko na ce na gyara. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Tun daga ranar na riƙa kiranta kullum bayan La'asar. Ba doguwar hira ba ce: akuya ta haihu, an yi ruwa, wance ta aurar da 'ya. Na yi wa 'yan'uwana magana, wasu suka ɗore, wasu suka yi kwana biyu suka bari. Haka muka yi shekara uku, har Allah ya karɓi abarsa.

Har yau ban sani ba ko da gaske ta zaci lalacewa ya yi, ko kuwa kunyar ce mana mun manta da ita ta ji. Na fi zaton na biyun, don ita ba mai ƙorafi ba ce. Yanzu in na idar da La'asar, hannuna kan tafi aljihu da kansa. Sai na tuna, in zauna in yi mata addu'a.