Shaidar Ɗan Ajiya

Mai Keke muke ce mata, don tun da na san ta ƙafarta na kan keken ɗinki. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin layi, ƙofa a gaba, taga a baya, sai igiyar da take rataye kayan mutane. Ni ce maƙwabciyarta, kuma benci ɗaya muke zama a coci, ita tana waƙa, ni ina duba wadda ta zo da sabon takalmi. Mijinta ya rasu da wuri ya bar mata 'ya ɗaya, wadda muke kira Auta, ko da yake ita ce ta farin ma.

Wata rana wata baƙuwa ta kawo gyaran siket, da jariri a goye. Ta kwance shi ta ce, "Yaya, riƙe mini shi in je in dawo." Har yau siket ɗin ma ba ta zo karɓa ba. Aka yi cigiya har aka gaji. Daga nan sunan Ɗan Ajiya ya bi yaron.

Bayan tagar shagon akwai wata bishiya da tsuntsayen kabare suka cika da sheƙa. Da damina wata tsuntsuwa kan zo, koriya mai ƙyalli, da jan ido kamar ta sha kuka. Ba ta saƙa sheƙa, ba ta kwanci. Sai ta faki idon masu gida ta saka ƙwanta a cikin nasu, ta kama gabanta. In ɗanta ya ƙyanƙyashe, shi ke cinye abinci, 'ya'yan gida kuwa ka tsince su a ƙasa.

Na nuna wa Mai Keke tsuntsuwar na ce, "Ga mai siket ɗinki can ta zo gaisuwa."

Ta ce, "Ke dai bakinki ko fasto ya gaji da yi masa addu'a. Ubangiji ya ji ƙaina ban cancanta ba, ni ce zan tsaya tambayar jariri daga ina ya fito?"

Ta yi renonsa kamar ita ta yi naƙudarsa. Yaron ci gare shi, in ya buɗe baki sai ka ga har maƙogwaro. Kai ma gare shi, wannan ban hana shi ba. Da karatu ya yi nisa, keke ɗaya ya kasa ɗaukar yara biyu, sai Auta ta ajiye jakarta ta zauna gefen uwarta tana sa maɓalli. Na yi magana, aka ce mini namiji ne, in ya tsaya da ƙafarsa zai riƙe su duka.

Ya kuwa tsaya. Ya samu aiki a babban ofis, ya yi wuya, ya dawo wata Lahadi zai yi godiya a gaban jama'a. A cocinmu, bayan wa'azi akan ba mutum makirfo ya ba da shaidar abin da Allah ya yi masa. Kuma kowa ya san yadda abin yake: ramin da ka fito in bai yi zurfi ba, ba mai tafa maka. Na taɓa jin wadda mura ta kama ta ce sai da ta leƙa kabari.

Mai Keke ta ɗaura ɗankwalinta na fita kunya, Auta na gefenta. Ɗan Ajiya ya hau dandamali ya gyara murya.

Ya ce, "'Yan'uwa, ni da kuke gani ban san uwa ba, ban san uba ba. A gidan mutane na tashi. Na kwana da yunwa, na sa tsumma, ba mai cewa sannu. Ba hannun ɗan Adam a rayuwata, jinƙan Allah kaɗai ya rene ni."

Coci ya ɗauki amin. Mata na share hawaye, har waɗanda suka sha ganinsa da lomar da ta fi bakinsa. Na juya na ga Mai Keke ta ɗaga hannu za ta tafa, hannun ya tsaya a hanya. Auta ta tashi ta fita.

Da la'asar ya shigo shago yana fara'a, na riga shi zama a kan benci.

Ya ce, "Mama, kin ga yadda Ruhu ya yi aiki yau?"

Ta ce, "Wane dare ne ka kwana da yunwa a ɗakina? Faɗa mini, ko na manta."

"Haba Mama, ai haka ake shaida. In na ce komai lafiya, wa zai ga girman jinƙansa?"

Na ce, "Ɗan nan, jinƙan nan da ya rene ka, shi ke wanke maka zawo, ko aike yake yi?"

Ya ce, "Inna, da Mama nake magana."

Mai Keke ta ce, "Ban ce ka rage wa Allah komai ba. Lahadi mai zuwa ka hau inda ka hau, ka ce kana da uwa, kana da yaya. Shi ke nan."

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Ya ce mutum uku sun tuba saboda shaidar nan, kuma wani coci ya gayyace shi ya je ya maimaita. In ya janye, bangaskiyar mutane za ta yi rauni. Amma a cikin gida, ya ce, ai ita ce uwarsa har abada.

Ta ce, "A cikin gida." Ta ɗora ƙafa a kan keke, ƙararsa ta rufe sauran maganar.

Bai janye ba. Ina jin labari yana yawo da shaidar, har ta ƙaru, yanzu a bakin kwata aka tsince shi. Auta ta daina zuwa coci. Uwar tana zuwa, amma in an zo kan shaida sai ta fita shan iska.

Kwanan baya na tambaye ta, "Ke, tsakani da Allah, kin yafe masa?"

Tana zura zare a allura ta ce, "Kullum da safe in na durƙusa ina yafe masa. Kafin rana ta take ɗinkin ya warware."

"To sai yaya?"

"Sai in sake da safe. Miƙo mini almakashi."