Romon da Kazue Take Zubarwa

Kazue 'yar manoma ce, an haife ta a wani ƙauye na lardin Tochigi, can gabas mai nisa, inda gonakin shinkafa suke shimfiɗe har gindin duwatsu. Tun kanta bai wuce murhu sosai ba uwarta ta damƙa mata ɗan ludayi mai raga, ta ce, "Kumfar nan da ke tasowa a kan tukunya ƙazanta ce. Macen da ta bar ta, kada ki ci abincin gidanta."

Haka ta koya. Nama a tafasa shi, a zubar da ruwan farko, a ɗauraye, sannan a ɗora da sabon ruwa. Ganye a tsoma shi a ruwan zafi, a tsame a jefa a na sanyi, a matse shi tas. Romo kuwa sai ya fito garau har ana hango gindin kwano. Da ta girma ta zo birnin Yashio ta kama aiki a madafar gidan tsofaffi, can ma abin da ake yi ke nan.

A Yashio ta haɗu da Maiwada, mutumin Kontagora, dogo marar yawan magana, yana aiki a filin da ake kwance tsofaffin motoci a loda injinansu zuwa Legas. Mahaifinta bai zo ɗaurin auren ba. Ta musulunta ba tare da hayaniya ba, ta riƙe sallarta fiye da wasu da aka haifa a ciki. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Rie, wadda yanzu take aiki a Osaka. Tun zuwan yarinyar Kazue take kiran mijinta Baba, shi kuma yana ce mata Mama, kamar yadda ake yi a kowane gida a nan.

Ba shi ya ce ta riƙa yi masa abincin ƙasarsu ba. Ita ce ta lura yadda yake dunƙule shinkafa da yatsu in ya zaci ba ta kallonsa. Daga nan ta shiga nema.

Tuwo bai ba ta wahala ba, shinkafar nan dama mai danƙo ce. Miya ce aiki. Naman akuya sai shagon wani Bapakistane kusa da masallaci, a daskare kamar dutse. Manja sai ta hau jirgin ƙasa, ta sauka ta canja wani, har Oizumi wajen 'yan Brazil, ta dawo da kwalabe a jakar baya kafaɗunta suna zogi. Lalo a lokacin zafi kawai ake samunsa, a 'yan rumfunan da manoma suke ajiye ganye a bakin hanya, sai ta saya da yawa ta cika firji. Attarugu ta shuka shi a tukwane a baranda, sanyi yana kashewa tana sakewa. Kanwa babu, sai hodar da ake sa wa burodi. Daddawa ce ta fi ba ta ciwon kai. Abokan Maiwada sukan taho masa da ita in sun je gida, amma ba ta jimawa take ƙarewa. Sai ta koma shanya natto, ruɓaɓɓen waken da ake ci da safe, ya bushe ta daka.

Maƙwabciyarsu tsohuwa Ogata ta taɓa leƙowa ta saman katangar baranda, hancinta a toshe da gefen riga.

"Kazue-san, wani abu ne ya mutu a wajenku?"

"Natto ne, Goggo. Yi haƙuri."

"Natto dai? Shekara nawa ina cin natto, bai taɓa bi na har cikin shanyata ba. Mijin nan naki lallai ya yi sa'ar mata, ni da tuni na ba shi burodi."

Kazue ta rusuna ta sake ba da haƙuri, washegari ta kai mata kwalin biskit. Daga ranar sai ta ga tsohuwar ta fita take shanyawa.

Duk Juma'a da Lahadi akwai tuwo a gidan. Maiwada yakan wanke hannu, ya yi bismilla, ya cinye tas, ya ce da harshenta, "Ya yi daɗi, na gode da abinci." Shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa canja ko kalma ɗaya ba.

Sai ciwo ya zo. Aka yi masa aiki a hanji, aka sa shi kan maganin da ake ɗura masa ta jijiya. Maganin ya ɗauke masa ɗanɗano, komai ya sa a baki sai ya ce kamar yana tauna takarda. Mutumin da yake ɗaga ƙofar mota shi kaɗai ya koma wando yana zame masa. Likita ya gaya wa Kazue a fili: in nauyinsa ya ƙara sauka a awo na gaba, dole a dakatar da maganin, jikin ba zai ɗauka ba. Ita kuwa ta san abin da dakatarwar take nufi.

Ta yi kunun shinkafa, ya kurɓa ya ajiye. Ta yi romon kifi, ya ce sai an jima. Ta yi tuwo da miyar lalo kamar kullum, ya yi loma biyu, ya ce ya yi daɗi, ya ture kwanon. Da asuba take fita aiki a keke, ta ciyar da tsofaffin wasu, ta dawo da rana ta tarar da kwanon nata mijin a rufe yadda ta bar shi. Wani lokacin takan zauna a dakalin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba, ta daɗe.

Wata Lahadi bayan la'asar yayarsa Tasalla ta kira daga Kontagora, can safiya ce. Da ta ga fuskar ƙanenta a waya ta yi salati, ta ce a ba ta matar gidan. Hausar Kazue ba ta wuce ta gaisuwa da sunayen kayan miya ba, don haka Maiwada ne yake fassara daga inda yake kwance a tabarma.

"Amaryarmu, haka za ki bar min ƙane ya zama sanda? Ɗora tukunya ina gani."

Kazue ta jingina wayar a jikin kwalbar manja. Ta ɗora nama, ya tafaso, kumfa ta taru. Ta sa ludayinta ta kwashe, sannan ta ɗauki tukunyar ta tuntsurar da ruwan a magudana.

Ihun da Tasalla ta yi sai da wayar ta yi ƙara. Ta dafa kai, ta shiga magana ba numfashi, tana nuna magudanar da yatsa, tana tafa hannu. Ta daɗe tana yi.

"Me ta ce, Baba?"

Maiwada ya yi gyaran murya. "Ta ce madafarki akwai tsabta."

"Duk wannan maganar?"

"Yaya ce, kin san ta da ja."

Kazue ta dubi wayar, ta dube shi. "Na ji ta ce romo. Na ji ta ce innalillahi. Baba, faɗa min yadda ta faɗa."

Ya juya fuskarsa wajen bango. "Ta ce kin zubar da miyar, kin bar tsumma. Ta ce ruwan farkon nan shi ne romon, da shi ake miya. Ta ce wa ya koya miki wanke nama kamar kayan wanki."

Tasalla ba ta gama ba. Ta hango lalon da aka riga aka tsoma aka matse, yana dunƙule a faranti. "Wannan kuma fa? Kai Maiwada, ganyen ma wanka ake yi masa? Ina yauƙin? Shekara da shekaru abin da kake ci ke nan ka yi shiru, don Allah kai wane irin mutum ne?"

"Yaya, baƙuwar miya ce a wajenta. Har wani gari take zuwa neman manja."

"To sai me? Bakinka ciwo yake yi? Tun kana yaro haka kake, a ba ka dutse ka ce an gode."

Wannan bai fassara ba, Kazue ma ba ta tambaya ba. Ta ciro sauran naman daga firji, ta sa shi a ruwa ya saki. Tasalla tana ba da umarni da hannu da ido: albasa, daddawa da gishiri tun farko, a cikin ruwan. Aka ɗora. Kumfa ta taso, toka-toka, tana taruwa a gefe. Hannun Kazue ya tafi wajen ludayin da kansa.

"A'a! Amarya, ajiye! Ajiye shi!"

Ta ajiye. Ta harɗe hannuwanta a baya ta tsaya tana kallon kumfar tana juyawa, tana nutsewa cikin romon. Ji take kamar uwarta tana tsaye a bayanta. Ta yanka sauran ɗanyen lalon da ba ta tsoma ba ta zuba kai tsaye, ta ɗan barbaɗa hodar burodi, ta burga da sandunan cin abinci tunda ba ta da maburgi. Miyar ta fito duhu, mai kauri, tana bin ludayi kamar igiya. A gidan tsofaffi da ta kai irin wannan gaban shugabar madafa, da a ranar za a sallame ta.

Warin ya cika ɗakin. Maiwada ya tashi zaune ba wanda ya taimake shi.

Ya yi bismilla, ya gutsuri tuwo ya dangwala. Ya daɗe da lomar a baki. Ya ƙara wata. Bai ce ya yi daɗi ba, sai ya ce, "Mama, akwai sauran yaji?" Ya ci kusan rabin malmala, gumi yana tsattsafo masa a goshi, sannan ya jingina da bango yana haki kamar wanda ya yi aiki.

Tasalla ta share ido da gefen mayafi, ta ce kuɗin wayarta sun kusa ƙarewa, a gaida Rie.

Kazue tana wanke tukunya, bayanta a juye, ta ce, "Me ya hana ka faɗa min?"

"Ranar farko kin sha wahala, na kasa. Daga baya kuma ya yi nisa."

"Da ka faɗa, da na huta da rabin aikin."

"Yi haƙuri."

Ta kife tukunyar. Ba fushi take ji ba, gajiya ce kawai. Ta yi alwala ta yi magariba, ta daɗe a zaune kan darduma.

Ba kullum yake ci ba bayan haka. Wata rana ya ci, wata rana warin ma ya sa shi amai, sai ta buɗe tagogi ta rufe tukunyar ta jira gobe. Amma ran awo da ya hau ma'auni nauyin bai sauka ba. Bai hau ba kuma. Likita ya duba, ya ce za a ci gaba da maganin, ya tambayi me ake ba shi. Kazue ta ce miyar ganye ce. Ya ce madalla, a dai rage gishiri.

Ta raka shi ɗakin ɗurin magani, ta gyara masa bargo, ta fito ta zauna a bencin waje. Lokacin lalo ya kusa wucewa, wanda ke cikin firjinta kuwa duk tsomamme ne matsattse, ba zai yi ba. Tana lissafin rumfunan da za ta zaga da keke kafin sanyi ya shigo, barci ya ɗauke ta a zaune, jakarta a kan cinya.